Ta Yaya Ake Kawo Ƙarshen Yaƙin Basasa?

Tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023, lokacin da aka wayi gari da ƙarar bindigogi a Khartum tsakanin sojojin Sudan da Janar Abdel Fattah al-Burhan ke jagoranta da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF na Janar Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, tambaya ɗaya take ta kewayawa a majalisun hira na birnin Kano: me ya hana mutanen nan biyu su zauna su sasanta? Dole tambayar ta dame mu, domin Sudan ba baƙuwa ba ce ga Bakano. Ta can kakanninmu suka bi a ƙafa zuwa aikin Hajji, wasu suka yada zango har suka zama 'yan ƙasa, kuma har ranar da aka fara harbin akwai 'ya'yanmu da yawa a jami'o'inta.

Wani maƙwabcina da 'yarsa take shekara ta uku a karatun likitanci a can, wadda ta kwashe kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su, ya tare ni wani dare bayan sallar isha'i a kan dakalin da muke zama, rediyonsa a kan cinya. Ya ce, "Malam, kai da kake bin labaran duniya, faɗa mini. Duka Musulmi ne, duka 'yan ƙasa ɗaya ne, jiya-jiyan nan a 2021 tare suka yi juyin mulki. Mene ne abin wuya a ciki?" Ban kai ga buɗe baki ba wani dattijo, tsohon soja, ya amsa daga kan tabarmarsa: "Alhaji, zama ba ya kashe yaƙi. A bar su ɗaya ya kayar da ɗaya, shi ne magani."

Kowannensu ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan. A nawa fahimtar, yaƙin basasa yakan ƙare ne ranar da mai riƙe da bindiga ya gamsu cewa in ya ajiye ta zai kwana da ransa, kuma duk abin da janar-janar da 'yan siyasa suke yi a ƙarshen yaƙi, ko dai wannan gamsuwar suke ginawa, ko kuma ita suke rushewa.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Yaƙin basasa shi ne yaƙin da ake yi a cikin ƙasa ɗaya tsakanin ɓangarori masu tsari da shugabanci da dakaru, a kan wa zai riƙe mulki, ko kuma a kan wani yanki da ke neman ɓallewa. Wannan ne ya raba shi da tarzomar kwana biyu, ko fashin daji da ba mulki yake nema ba.

Akwai kalmomi huɗu da masu sauraron labarai ke ɗauka kamar abu guda ne. Tsagaita wuta alkawari ne na dakatar da harbi na wani lokaci, kowa yana nan a inda yake da makamansa, kuma sau da yawa hutun da ake samu shi ake amfani da shi a kai harsasai bakin daga. Yarjejeniyar zaman lafiya takarda ce da ke faɗin yadda za a raba mulki da dukiya da muƙaman soja bayan yaƙi. Miƙa wuya shi ne ɓangare ɗaya ya yarda an fi ƙarfinsa. Kwance ɗamara kuwa shi ne a tara mayaƙa a sansanoni, a karɓe makamansu, a ɗauki wasu aikin soja, a sallami sauran da abin da za su kama sana'a. Abin da aka sa wa hannu a Jidda a watan Mayun 2023 bai wuce alkawarin kare farar hula da tsagaita wuta na 'yan kwanaki ba, shi ya sa waɗanda suka ji labarin suka ce yaƙi ya ƙare, ba a jima ba suka sha mamaki.

Tsoron ajiye bindiga

Idan ƙasashe biyu suka yi yaƙi suka gaji, kowace takan janye sojojinta zuwa bayan iyakarta, ta ci gaba da riƙe makamanta, ko da ba su yarda da juna ba. A yaƙin basasa babu wannan damar. Ƙasa ɗaya ba ta zama da runduna biyu, saboda haka dole wani ya miƙa bindigarsa ga mutumin da jiya yake neman kashe shi, ya koma ƙarƙashin 'yan sandansa da kotunansa da gidajen yarinsa. Kwamandan da aka ce ya yi haka yakan tambayi kansa: bayan na sallami yarana, me zai hana a zo cikin dare a ɗauke ni? Takarda ba ta da amsar wannan tambayar.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. A Kwalambiya, 'yan tawayen FARC sun shiga sulhu da gwamnati a shekarun 1980, aka kafa jam'iyyar siyasa domin su shiga zaɓe, sai aka bi 'yan jam'iyyar ana kashewa ɗaya bayan ɗaya har dubbai, ciki har da 'yan takarar shugaban ƙasa biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba a samu yarjejeniyar da ta raba FARC da makamanta ba sai a 2016.

Shi kansa rikicin Sudan a kan wannan gaɓar ya ɓarke. Ana cikin tattauna yadda za a shigar da RSF cikin rundunar sojan ƙasa ne, sojoji suna cewa a gama cikin shekara 2, RSF tana cewa 10, kuma ba a daidaita a kan wanda zai zama shugaban wani ba. Ga mai saurare daga nesa gardama ce ta lissafin shekaru. Ga su biyun kuwa, magana ce ta wanda zai rage da bindiga a hannu idan ɗayan ya rasa tasa.

Idan ƙarfi ya raba gardama

Tsohon sojan majalisarmu yana da hujja, kuma ba sai ya je nesa ba. Kalmar basasa a bakin Kanawa tana tuna abin da ya faru a nan garin bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, su kuwa 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka bi Yusufu suka fita zuwa Takai. Yusufu ya rasu ana tsakiyar yaƙi, Aliyu Babba ya karɓi jagorancin Yusufawa ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Takobi ne ya yanke hukunci, daga baya aka amince da abin da ya yanke. Haka a Siri Lanka a watan Mayun 2009, sojojin gwamnati suka murƙushe 'yan tawayen Tamil suka kashe shugabansu, tare da asarar rayukan farar hula masu ɗimbin yawa da har yau ake neman a yi bincike a kansu.

Amma misalin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne namu na 1967 zuwa 1970. An gwada zama, kuma ba sau ɗaya ba. An zauna a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967, kowa ya dawo gida da tasa fassarar. Bayan Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayu, aka fara yaƙi ranar 6 ga Yuli, an sake zama a Kampala da Yamai da Adis Ababa a 1968, duk ba a tsinana komai ba, domin Legas ta tsaya a kan Najeriya ɗaya, Biyafara ta tsaya a kan 'yancin kai, kuma kowanne yana ganin in ya ƙara haƙuri zai samu abin da yake so a fagen daga. Kafin nan ma gwamnati ta riga ta yi wata dabarar siyasa da ta yi aikin runduna guda. Jihohi 12 da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙira ranar 27 ga Mayu 1967, waɗanda Jihar Kano take cikinsu, sun ba ƙananan ƙabilun Gabas jihohi biyu nasu na kansu, abin da ya rage musu dalilin bin Biyafara.

Da Fatakwal ta faɗi a 1968 Biyafara ta rasa hanyar teku, yunwa ta shiga, kuma ita ta fi harsashi kisa. Ƙiyasin waɗanda suka rasu ya kama daga 500,000 zuwa miliyan 2 ko fiye, galibinsu yara da mata. Duk mai cewa a bar ɗaya ya kayar da ɗaya, wajibi ne ya san cewa wannan ne kuɗin da ake biya, kuma ba janar ne ke biya ba.

A Janairun 1970 Owerri ta faɗi, Ojukwu ya tashi daga filin jirgin Uli zuwa Kwaddebuwa, ya bar ragama a hannun Manjo Janar Philip Effiong. A nan ne aikin soja na gaskiya ya fito. Effiong yana iya cewa a watse cikin daji a ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe, kuma da ya yi haka da an ƙara shekaru ana zubar da jini. Sai ya fita a rediyo ranar 12 ga wata ya umarci dakarunsa su daina faɗa. Kanar Olusegun Obasanjo, wanda ke jagorantar runduna ta uku, ya gana da shi, kuma ranar 15 ga Janairu aka kammala miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. Ana yawan yabon wanda ya karɓi miƙa wuyar, ana mantawa da cewa sai da aka samu kwamandan da mayaƙa ke jin maganarsa, wanda ya yarda ya ɗauki kunyar cewa an gama, kafin a samu abin karɓa. Rundunar da ta kashe duk shugabannin abokan gabarta takan wayi gari ba ta da wanda zai ce wa sauran su ajiye makami.

Washegarin nasara

Daga ranar da aka daina harbi, magana ta koma hannun masu mulki. An daɗe ana gaya wa Inyamurai cewa in suka faɗi kisan ƙare dangi ke jiransu, kuma abin da ya faru a 1966, har da nan Sabon Gari da filin jirgin saman Kano, ya sa ba su da dalilin ƙaryata wannan. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci da yaƙi, ya yi afuwa ga jama'a, ba a kafa kotun rataye shugabannin Biyafara ba, ko da yake an tsare wasu hafsoshi, an kori wasu, an mayar da wasu bakin aiki. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima domin matasa su san juna, a 1979 Alex Ekwueme ya zama mataimakin shugaban ƙasa, a 1982 kuma Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Ojukwu afuwa ya dawo gida. Shi wannan mutumin da ya taɓa riƙe bataliya ta 5 a nan Kano ya ƙare rayuwarsa yana takarar zaɓe.

Na taɓa zama a shagon wani dattijo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, yana ba ni labari da Hausarsa mai kyau yadda ya dawo bayan yaƙi da jaka ɗaya, ya tarar da maƙwabcinsa Bahaushe ya riƙe masa gidansa. Ya nuna mini ƙofar da hannu, ya yi shiru na ɗan lokaci. Sai kuma ya kawo maganar fam 20, wato abin da aka ba masu ajiya a banki da suka yi hulɗa da kuɗin Biyafara komai yawan abin da suka tara, da maganar gidajen Fatakwal da aka kira dukiyar da aka yasar aka hana masu su. Shekara 50 da wani abu ke nan, amma muryarsa ta canja da ya zo nan. Afuwar ta hana yaƙin dawowa, waɗannan matakai kuwa sun bar miki, kuma masu fafutukar Biyafara na yau a kansa suke tsayawa su yi magana.

Lokacin da tebur ke aiki

Maƙwabcina ma yana da hujja, sai dai zama yana da lokacinsa. Ɓangarori ba sa sulhu da gaske sai kowanne ya yanke ƙauna daga nasara, kuma zaman da ake ciki ya fara yi masa ciwo. A Mozambik an kai wannan matsayi a 1992: fari ya addabi ƙasar, masu ba ɓangarorin biyu makamai daga waje sun janye hannu, sai Shugaba Joaquim Chissano da Afonso Dhlakama na ƙungiyar 'yan tawayen Renamo suka sa hannu a birnin Rum ranar 4 ga Oktoba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai dubban dakaru, aka jinkirta zaɓe har zuwa 1994 domin a fara kwance ɗamara, aka ba Renamo kuɗin da za ta zama jam'iyya. Ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa, amma ta samu kujeru 112 cikin 250 na majalisa, kuma wannan ya ishe ta dalilin zama a cikin gari.

Angola ta yi akasin haka. An sa hannu a 1991, aka gaggauta zaɓe a Satumban 1992 alhali kowane ɓangare yana ɓoye da rundunarsa, masu sa ido kaɗan ne, kuma tsarin na wanda ya ci ya kwashe duka ne. Madugun 'yan tawaye Jonas Savimbi ya ga ba shi ke gaba ba, ya koma daji, yaƙin da ya biyo baya ya fi na farko muni. Sai da aka kashe shi a Fabrairun 2002, sannan cikin makonni shida janar-janar na ɓangarorin biyu suka sa hannu a Luena. Wani lokaci mutum ɗaya ne ƙashin bayan yaƙi.

Daga waɗannan biyun ake gane amfanin mai lamuni, wato wani na uku mai ƙarfi da zai tsaya tsakani har a wuce lokacin da kowa yake tsirara ba makami. Wannan aikin sojojin Najeriya suka yi a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya daga 1990, sannan a Saliyo, kuma da yawansu ba su dawo ba. Ana kuma gane haɗarin sulhun da bai haɗa kowa ba. Yarjejeniyar Darfur da aka ƙulla a Abuja a watan Mayun 2006, ɓangaren Minni Minnawi kaɗai ya sa mata hannu a cikin manyan 'yan tawaye, kuma ba ta tsayar da komai ba.

Akwai wata hanya da ba kasafai ake samun mai bin ta ba, wato shugaba ya haƙura da mulki alhali yana da rundunar da za ta yi masa yaƙi, kamar yadda Sayyidina Hasan, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi a shekara ta 41 bayan Hijira, har aka kira ta shekarar haɗuwar jama'a.

Afuwa ko hukunci

A nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa, kuma ban ga ɓangaren da za a ce ba shi da gaskiya ba. Masu cewa a yi afuwa suna cewa babu madugun da zai ajiye makami ya miƙa wuyansa ga igiya. Masu cewa a yi hukunci suna cewa in aka saka wa mai kisa da muƙami, an koya wa na baya cewa bindiga ce gajeriyar hanyar shiga gwamnati, kuma matar da aka kashe wa miji ba a tambaye ta ba kafin a yafe a madadinta.

Saliyo ta gwada ta farko har ta wuce gona da iri. A yarjejeniyar Lome ta Yulin 1999 an yi wa madugun 'yan tawaye Foday Sankoh afuwa, aka ba shi matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa, aka ɗora shi a kan hukumar ma'adinai, shi da mayaƙansa suka yi suna wajen yanke hannayen mutane. Kafin shekara ta zagayo yaransa sun kama ɗaruruwan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da aka nuna musu ƙarfi sannan yaƙin ya ƙare a 2002. A Laberiya kuwa an buɗe wa Shugaba Charles Taylor ƙofar fita, ya sauka daga mulki a Agustan 2003 ya zo Kalaba, mako guda bayan haka aka sa hannu a Akara a zaman da Janar Abdulsalami Abubakar ya shiga tsakani. A 2006 aka kama shi a Gamboru Ngala, a 2012 aka yanke masa shekara 50 saboda laifukan yaƙin Saliyo. Waɗanda aka zalunta sun ga adalci. Sai dai duk wani madugu da za a yi wa tayin mafaka nan gaba ya ga abin da ya faru, kuma zai auna. Ni dai ina ganin afuwa ta dace da ƙananan mayaƙa, musamman yaran da aka tilasta wa ɗaukar bindiga, amma bai kamata manyan da suka ba da umarnin kisan jama'a su samu tabbacin cewa ba za a taɓa tambayarsu ba.

Abin da talaka zai duba

A Sudan har yanzu ba a ga alamar yanke ƙauna daga nasara ba. Sojoji sun ƙwato fadar shugaban ƙasa a Khartum a Maris na 2025, RSF ta kama El Fasher a Oktoba, kowa yana da abin da zai nuna wa magoya bayansa. Zinare yana fita, makamai suna shiga, ana zargin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da taimaka wa RSF duk da tana musantawa, Masar kuma tana kusa da sojoji. Mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu. Muddin wanda ke biyan kuɗin harsashi bai gaji ba, gajiyar talaka ba ta isa teburin.

Saboda haka idan aka ji a rediyo an sa hannu a kan wani abu, kafin a yi murna sai a tambaya ko duk masu rundunar da ke iya ɓata lamarin suna ciki, wa zai tsaya lamuni kuma da wane ƙarfi, wace runduna za ta rage kuma a hannun wa, sannan me aka tanadar wa saurayin da ya shekara uku ba ya cin abinci sai da bakin bindiga. Wannan ta ƙarshen ta shafe mu kai tsaye, domin makaman da ba a karɓa ba ba sa ruɓewa a inda suke. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 mun ga yadda na Libiya suka bi Sahara suka watsu, kuma tsakanin Darfur da Borno ƙasar Chadi ce kawai.

Maƙwabcina ya saurari duk wannan, ya ce shi dai takardun sakamakon shekara uku na 'yarsa yake so a samo masa daga makarantar, domin inda ta nemi ci gaba da karatu an ce sai da su. Har zuwa makon jiya lambar ofishin da yake kira a Khartum ba ta shiga.